Jawabin Lauya Ba Tarihi Ba Ne: Gardamar Masu Karatu a Kan Wani Kisan Kai na Tsohuwar Rum

Fiye da shekara 30 ke nan da fitowar littafin Roman Blood, wato Jinin Rumawa, amma har yau waɗanda suka karanta shi ba su gama jayayya a kansa ba. Steven Saylor, Ba'amurke ɗan jihar Texas wanda ya karanci tarihi da adabin Girkawa da Rumawa a jami'a, shi ya fitar da shi a 1991. Ƙagaggen labari ne na bin sawun mai kisan kai, sai dai an gina shi a kan wata shari'a ta gaske da aka yi a birnin Rum a shekara ta 80 kafin Miladiyya. Wasu masu karatu suna yabon yadda ya raya titunan tsohon birnin, wasu suna ƙorafin cewa labarin yana jan ƙafa, wasu kuma suna cewa jarumin ya fi kama da mutumin yau fiye da Barume. Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na masu ganin marubucin ya ci amanar tarihi, domin ya ɗauki mutumin da kotu ta wanke, wanda lauyan da ya fi kowa suna a Rum ya kare, ya mayar da shi mai laifi a shafukan ƙarshe. Dole in tona wannan ƙarshe tun yanzu, don a kansa gardamar take. Ra'ayina shi ne masu wannan ƙorafi sun ɗauki jawabin lauya a matsayin tarihi, kuma marubucin da ya ƙi bin lauyan ido rufe ya fi su kusa da abin da hujjojin suka yarda a faɗa.

Sai an san halin da Rum take ciki kafin a fahimci shari'ar. A ƙarshen shekara ta 82 kafin Miladiyya wani janar mai suna Sulla ya ci yaƙin basasa, ya kama mulki, ya fito da hanyar kawar da abokan gaba a rubuce. Ana jera sunayen mutane a allo a kafe a dandalin birni. Duk wanda sunansa ya fito, jininsa ya halatta ga kowa, wanda ya kawo kan mutumin yana da tukuici, dukiyarsa ta zama ta hukuma a yi gwanjonta, 'ya'yansa da jikokinsa kuma ba su ba riƙe muƙami. Marubucin tarihi Fulutak ya ce jerin farko sunaye 80 ne, aka biyo da 220, aka ƙara wasu 220. An tsayar da 1 ga Yuni na shekara ta 81 a matsayin ranar rufe jerin. Bayan wannan rana da 'yan watanni aka kashe wani attajiri mai suna Sekstus Roskiyus, mutumin garin Ameriya, wanda yau ake kira Ameliya a yankin Umbiriya na Italiya. An tare shi da dare kusa da wani gidan wanka a Rum yana dawowa daga walima. Ya bar gonaki 13, kusan dukkansu a gaɓar kogin Taiba, da ɗa guda mai sunansa wanda ya haura shekara 40, yana zaune a karkara yana kula da gonakin.

Abin da ya biyo baya, daga bakin Sisero, lauyan da ya kare ɗan mamacin, muke jin sa. Ya ce a daren da aka yi kisan wani mutum mai suna Gilokiya ya yi tafiyar mil 56 na Rumawa, kimanin kilomita 83, cikin awa 10 a keken doki, ya kai labari Ameriya kafin gari ya waye, kuma bai nufi gidan ɗan mamacin ba, gidan wani ɗan'uwansu Kafito ya nufa, wanda ba sa ga maciji da mamacin. Cikin kwana 4 labari ya isa sansanin Sulla da ke Bolatera, ya shiga kunnen Kirisogonus, wani 'yantaccen bawa ɗan asalin ƙasashen Girkawa da ke da fada sosai a wajen Sulla. Aka cusa sunan mamacin cikin jerin da aka riga aka rufe, aka yi gwanjon dukiyar da Sisero ya ƙiyasta a kan sestar (kuɗin Rumawa) miliyan 6, Kirisogonus ya saye ta a kan sestar 2,000. Kafito ya sami gonaki 3, wani ɗan'uwan mai suna Magnus ya zama wakilin Kirisogonus a kan sauran 10, aka kori ɗan mamacin daga gidan ubansa. Mutanen Ameriya sun tura manyansu 10 su kai kuka wajen Sulla, amma da Kafito a cikin tawagar, kuma ba su sami ganin Sulla ba. Daga ƙarshe aka gurfanar da ɗan bisa tuhumar kashe mahaifinsa, laifin da hukuncinsa a Rum shi ne a ɗinke mutum da ransa cikin buhun fata a jefa shi a ruwa. Manyan lauyoyi suka noƙe saboda tsoron Sulla. Sisero, yana da shekara 26, bai taɓa tsayawa a shari'ar laifin kisa ba, shi ya karɓi aikin, ya kama sunan Kirisogonus a bainar jama'a, ya yi nasara.

Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa ya rayu. Saylor ya ɗauke shi kusan yadda yake, da sunayen mutanen da garuruwan da yawan gonakin, ya ƙara mutum guda da ya ƙirƙira, Godiyanus, mai sana'ar tono abin da aka ɓoye, wanda Tiro, bawan Sisero kuma magatakardansa, ya je ya ɗauko haya. Godiyanus ya bi sawu daga lungunan Rum har Ameriya, ya tabbatar da yawancin abin da Sisero zai faɗa a kotu game da cutar da aka yi da gonakin. Sai bayan an wanke Roskiyus gaskiya ta fito cewa da hannunsa a kisan, abokan ƙullin ne suka juya masa baya suka cinye rabonsa. Nan ne wasu masu karatu suke rufe littafin da ɓacin rai.

Kafin a yi fushi, ya kamata a tambayi daga ina muka san Roskiyus ba shi da laifi. Amsar ita ce daga takarda guda, jawabin da lauyansa ya yi don kare shi. Jawabin mai gabatar da ƙara, wani da ake kira Erukiyus, bai iso gare mu ba. Bayanin shaidu bai iso ba. Abin da Magnus da Kafito da Kirisogonus za su ce don kare kansu bai iso ba. Duk abin da muka sani game da hujjojin masu ƙara, Sisero ne ya taƙaita mana su, kuma ya taƙaita su ne don ya rushe su. Halinmu kamar na mutumin da ya iso fadar dagaci bayan mai ƙara ya gama magana ya tafi, ya zauna ya saurari wanda ake ƙara shi kaɗai, sannan ya fita yana rantsuwa cewa ya san yadda aka yi. Wankewar da kotu ta yi ma ba ta rufe maganar ba, domin abin da ta nuna shi ne masu yanke hukunci sun gamsu da Sisero a ranar, ko kuma suna da dalilin da ya sa suka so su gamsu.

Shi kansa Sisero bai taɓa neman a ɗauki jawabansa na kotu a matsayin shaida ba. A shekara ta 66, yana kare wani mutum mai suna Kuluwentiyus, ya gaya wa kotu ƙarara cewa kuskure ne babba a zaci abin da lauya ya faɗa a shari'a shi ne ra'ayinsa na gaskiya, domin jawabin kotu na shari'ar ne da lokacinta. Malamin balaga Kwintiliyan ya ruwaito cewa daga baya Sisero ya yi alfaharin ya rufe idon masu yanke hukunci a waccan shari'a. A littafin da ya rubuta wa ɗansa a shekara ta 44 a kan haƙƙoƙin da ke wuyan mutum, ya bayyana cewa bin gaskiya aikin alƙali ne, shi kuwa lauya wani lokaci yana iya tsayawa a kan abin da ya yi kama da gaskiya ko da bai cika gaskiya ba, kuma babu laifi a kare mai laifi muddin ba ƙasurgumin mugu ba ne. A wannan wurin ne ya ambaci shari'ar Roskiyus a matsayin abin da yake alfahari da shi. Ban ce wannan ya nuna ya san wanda yake karewa mai laifi ne ba. Ya dai nuna cewa mutumin da ake cewa Saylor ya ƙaryata, shi da bakinsa ya gargaɗe mu kada mu karanta shi yadda waɗannan masu karatu suke karanta shi.

Idan aka karanta jawabin da idon mai bincike, akwai wuraren da suke ɗaukar hankali. Makamin Sisero mafi kaifi shi ne tambayar da ya jingina wa wani tsohon alƙali mai suna Kasiyus, wato a duba wanda ya ci ribar laifi. Ya ce ga waɗanda suka ci riba nan, suna zaune a gonakin mamaci, ɗansa kuwa ko rigar kirki ba shi da ita. Amma ribar da suka ci ta zo ne bayan an cusa sunan a jeri, kwanaki bayan kisan. A daren da aka yi kisan, wanda doka ta sani a matsayin magaji shi ne ɗan. Masu ƙara sun ce uban ba ya shiri da shi, ya ajiye shi a ƙauye alhali ɗayan ɗansa da ya rasu shi yake jawowa a jiki a birni, kuma yana shirin hana shi gado. Sisero ya ce babu hujjar shirin hana gado, sannan ya shiga dogon yabon noma da rayuwar karkara, yana cewa ba wa ɗa riƙon gonaki girmamawa ce. Magana ce mai daɗi a kunnen sanatoci masu gandaye, amma ba ta gaya mana abin da ke tsakanin wannan uba da wannan ɗa ba. Ya ce wanda yake karewa yana Ameriya, ya yi shekaru bai zo Rum ba, in ya zo ma ba ya wuce kwana 3. Wannan ya nuna bai riƙe wuƙar da hannunsa ba, bai nuna bai aika ba. Shi kuma bai kawo mutum ko ɗaya da ya ga Magnus ko yaransa suna kisan ba. Kaso mai yawa na jawabin ya tafi ne wajen zana Kirisogonus, da gidansa a tudun Falatin, da kayan alatunsa, da mawaƙansa, da sumarsa mai ƙamshin turare, a gaban manyan Rum waɗanda dama suna jin haushin ganin tsohon bawa ya fi su fada. Masana sun lura da waɗannan wurare tun kafin littafin ya fito. A shekarun 1980 T. E. Kinsey ya yi rubuce-rubuce yana tantamar labarin Sisero, a 2003 kuma Andrew Dyck, wanda daga baya ya yi wa jawabin sharhi cikakke, ya nuna cewa tuhumar ta fi yadda Sisero ya nuna ta ƙarfi.

Wannan ba ya nufin Roskiyus ya kashe ubansa. Hujjojin da ke gefensa ba ƙanana ba ne. Gaggawar Gilokiya da gidan da ya nufa suna da walakin. Masu ƙara sun faɗa cikin wani rami da wuya su fita: idan sunan uban yana cikin jeri bisa ƙa'ida, kashe shi ba laifi ba ne ga kowa, har ɗansa, idan kuwa ba ya ciki, gwanjon gonakin haramtacce ne. Kuma bayi biyu da suke tare da mamacin lokacin da aka kashe shi sun koma hannun Kirisogonus, aka nemi a miƙa su a yi musu tambayoyi aka ƙi. Duk mai adalci zai ce biri ya yi kama da mutum. Abin da nake cewa shi ne hujjojin sun bar ƙofa biyu a buɗe, Saylor kuma ya bi ta ɗaya ba tare da ya jefar da ko guda daga cikin abubuwan da aka sani ba. Labarinsa, na mutum uku da suka ƙulla abu biyu suka cuci na uku, yana ɗauke da gaggawar Gilokiya, yana ɗauke da rabon gonakin, yana kuma ɗauke da ƙiyayyar uba da ɗa wadda Sisero ya yi ta kewayewa. Wannan shi ne haƙƙin da tarihi yake da shi a kan mai ƙaga labari: kada ya taɓa abin da aka tabbatar, kuma abin da ya cike gurbi da shi ya zauna daidai da abin da ke kewaye da gurbin.

Akwai ƙorafin da ya fito daga tarbiyya, kuma ina girmama shi. Masu shi suna cewa Roskiyus mutum ne da ya rayu, ba sunan da aka ƙirƙira ba, kuma mamaci ba ya tashi ya kare kansa, don haka jingina masa kisan uba ƙazafi ne ko da an yi shekara 2,000. Sai dai wanda ya riƙe wannan ma'auni dole ya riƙe shi ga kowa. Magnus da Kafito su ma mutane ne da suka rayu. Babu labarin wata kotu da ta same su da laifin kisan, amma ƙarni bayan ƙarni ɗalibai suna haddace sunayensu a matsayin makasa, bisa maganar lauyan abokin gabarsu kaɗai. Duk wanda ya karɓi labarin Sisero ya riga ya yanke wa mutum biyu hukuncin kisan kai ba tare da ya ji ta bakinsu ba. Babu matsayar da ba ta ɗora wa wani laifi, in ban da a ce ba a tabbatar ba, kuma littafin da ya girgiza tabbacin mai karatu ya fi matsar da shi kusa da wannan matsaya fiye da littafin da zai maimaita jawabin lauya da sababbin tufafi.

Inda nake tare da masu ƙorafin shi ne wani wuri dabam. Saylor bai tsaya a kan kisan ba, ya ƙara wa Roskiyus wani mummunan laifi a cikin gidansa, na lalata da 'yarsa, abin da babu ko alamarsa a jawabin. Shakkar da ya jefa a kan kisan ta fito ne daga cikin hujjojin, tana da masana da suke goyon bayanta. Wannan ƙarin kuwa daga kansa ya fito, kuma aikinsa a labarin shi ne ya sa mai karatu ya tsani mutumin tun kafin a tona asirinsa, don ƙarshen ya zo da sauƙin haɗiya. A ganina wannan rauni ne ta fuska biyu. Zalunci ne ga mutumin da ba a tuhume shi da haka ba ko a bakin maƙiyansa, kuma ya rage wa labarin ƙarfi, domin tambayar da ta fi tayar da hankali ita ce yadda manomi kamili, wanda maƙwabta suke ganin girmansa, zai iya kitsa kisan ubansa saboda gado. Da aka mayar da shi dodo, tambayar ta mutu. Mai karatun da ya ce an wuce gona da iri a nan yana da gaskiya, kuma gaskiyarsa ta fito ne daga ma'aunin da nake karewa.

Wasu kuma tsoronsu shi ne mutane da yawa ba za su taɓa karanta Sisero ba, littafin Saylor kaɗai za su sani, su tashi da yaƙinin cewa Roskiyus makashi ne. Haɗarin yana nan. Amma marubucin ya rufe littafin da bayani a kan madogararsa, jawabin kuma an fassara shi cikin manyan harsunan duniya, yana nan ga mai so. Kafin 1991, in ka cire masu karatun Latin da tarihin Rum, mutum nawa ne suka taɓa jin sunan Ameriya? Wanda littafin ya ruɗa, aƙalla ya san akwai shari'ar, ya san inda zai je ya duba. Ƙorafin jan ƙafa kuma bai kai a daɗe a kansa ba. Wanda ya saba da barkwancin Falko, jarumin littattafan Lindsey Davis da suka fara fitowa a 1989, zai ga Godiyanus ya cika natsuwa, wannan kuwa bambancin ɗanɗano ne. Dogayen bayanan da ake kuka da su a kan Sulla da jerin sunayensa su ne ginshiƙin shari'ar, in an cire su babu wanda zai gane dalilin da ya sa gonakin miliyan 6 suka tafi a 2,000.

Ana kuma yawan cewa babu ɗan sanda mai bincike a tsohuwar Rum, don haka Godiyanus baƙo ne da aka ɗauko daga littattafan zamani aka sa masa mayafin Rumawa. Rabin farko na maganar gaskiya ne. A zamanin Sisero babu rundunar 'yan sanda, babu ofishin mai gabatar da ƙara na hukuma. Rundunar masu gadin dare da sarki Agustus ya kafa ta zo ne a shekara ta 6 Miladiyya, kuma babban aikinta kashe gobara. Sai dai wannan rashi shi ne yake ba Godiyanus wurin zama. Tunda hukuma ba ta bincike, duk wanda ya kai ƙara ko aka kai shi, shi zai nemo hujjarsa da shaidunsa da kuɗinsa. Sisero da kansa, lokacin da ya tuhumi gwamna Beres a shekara ta 70, kwana 110 aka ba shi ya tattara hujja, ya tafi tsibirin Sisili, inda Beres ya yi gwamna, yana bin gari-gari yana karɓar takardu da shaidu. Lauya matashi da ba shi da tarin barori da 'yan kore, ba abin mamaki ba ne ya biya wani ya yi masa wannan zirga-zirga. Tarihi bai ambaci mai irin wannan sana'a da suna a shari'ar ba, amma tsarin shari'ar Rum yana buƙatar aikin.

Maganar zuciyar jarumin ta fi wannan wuya, kuma a nan ne littattafan tarihi da yawa suke faɗuwa. Bayi biyun nan da aka ƙi miƙawa, tambayoyin da Sisero yake nema a yi musu tambayoyi ne ƙarƙashin azaba, domin dokar Rum ba ta karɓar shaidar bawa sai an gana masa uƙuba. Sisero ya kawo hana azabtar da su a matsayin zaluncin da aka yi wa wanda yake karewa, kuma babu alamar ya ga wani abin ƙyama a ciki. Wannan shi ne Barumen gaske, mai ilimi, mai magana a kan adalci. Jarumin da zai tsaya a wannan zamani yana huɗubar cewa bauta haramun ce, ƙarya ce tsagwaronta. Amma tausayi ba baƙon abu ba ne a Rum. Wasiƙun Sisero suna cike da damuwa a kan rashin lafiyar Tiro, wanda ya 'yanta a shekara ta 53. A shekara ta 61 Miladiyya, da wani bawa ya kashe ubangijinsa Fedaniyus Sekundus aka yanke kashe dukkan bayin gidan su 400 bisa tsohuwar al'ada, marubucin tarihi Tasitus ya ruwaito cewa talakawan birni sun fito da duwatsu da wuta suna hanawa, sai da aka jera sojoji a hanya kafin a zartar. Mutanen suna jin zafin zaluncin da ke gabansu ba tare da sun yi tunanin rushe tsarin ba. Masu karatun Hausa sun san irin wannan rubutu a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda baƙin cikin uwar da ta bi sawun ɗanta har hamada yake bayyana muguntar cinikin bayi ba tare da wani a cikin labarin ya tsaya yin lacca ba. Godiyanus a wannan littafi yana da baiwa, Betesda, wadda ya sayo a Iskandariya kuma yake zaune da ita, yana tausayin bayin da ya gani cikin wahala, amma bai nemi a 'yanta kowa ba. Wani lokaci tausayin nasa yana zarce abin da nake tsammani daga mutumin zamaninsa, sai dai bai tsallaka iyakar da shaidun da muke da su suka shata ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu kare mutuncin tarihi ba su cika tsayawa a kan tambayar da jawabin Sisero ba zai iya amsawa ba, alhali littafin ya fuskance ta. Yaya aka yi kotu ta kunyata na hannun daman Sulla, Sulla yana raye yana mulki? Masu yanke hukuncin sanatoci ne, domin Sulla ne ya mayar da kotuna hannun majalisar dattawa a shekara ta 81, kuma shi ya cika majalisar da sababbin mutane kimanin 300. Ba mutanen da balagar saurayi ɗan shekara 26 za ta sa su manta da wuyansu ba ne. Jawabin da kansa ya nuna waɗanda suke bayan wanda ake tuhuma. Wata babbar mace daga gidan Metelus, Kekiliya, ita ta ba shi mafaka a gidanta. Sisero ya ambaci gidajen Metelus da Sarbiliyus da Sifiyo a matsayin abokan mahaifinsa, ya kuma yaba wa wani saurayi daga gidan Mesala da ya yi ta ɗawainiyar shari'ar. A shekarar da aka yi shari'ar, abokin Sulla a kujerar konsul, wato shugabancin shekara da mutum biyu suke riƙewa, ɗan gidan Metelus ne. Sisero kuma ya yi ta nanata cewa Sulla bai san abin da yaronsa yake yi ba, saboda yawan al'amuran da ke gabansa. Duk wannan yana nuna shari'ar fage ce da tsofaffin gidajen sarauta, waɗanda suka taya Sulla cin yaƙi, suke gwada ko za su iya taka wa barorinsa birki ba tare da sun taɓa shi ba. Saylor ya karanta ta haka, ya nuna Roskiyus a matsayin abin da manya suke ja a tsakaninsu, wanda laifinsa ko rashin laifinsa bai dame su ba. Abin da ya biyo bayan hukuncin bai saɓa wa wannan karatu ba. Sisero ya yi suna, a shekara ta 79 ya tafi Girka da Asiya Ƙarama ya yi shekara 2, shi ya ce don lafiyarsa da ƙarin karatu, Fulutak ya ce don tsoron Sulla. Babu wata madogara da ta ce an hukunta Kirisogonus, babu kuma wadda ta ce an mayar wa Roskiyus ko gona ɗaya daga cikin 13, kuma a cikin jawabin lauyan nasa ya riga ya shaida wa kotu cewa wanda yake karewa ya haƙura da dukiyar, ransa kaɗai yake roƙo a bar masa.